Darasi na 9: Su Waye Ke Cin Tsabar Tsuntsayenmu?

Gidaje da yawa a Jos suna kiwon tattabaru da kaji da zabbi. Wasu kuma don lada suke watsa wa tsuntsayen gari gero, su ajiye musu ruwa a kasko. Amma duk inda aka zuba tsaba, ba masu fiffike kaɗai ke zuwa ba. Akwai masu ƙafa huɗu, kuma ba dukkansu ne ɓeraye ba. Wanda bai iya bambance su ba zai kashe mai amfani, ya bar maɓarnaci.

Abu na farko, ku lura da lokaci. In da rana tsaka ne kuka ga dabba mai jela buzu-buzu da farin layi a haƙarƙari, tana tsayawa da ƙafafun baya tana dube-dube, kurege ne. An fi ganinsa a gidajen bakin gari da ke kusa da duwatsu, kamar wajen Lamingo da Shere. Sauran duk 'yan dare ne.

Bushiya ba ta ɓace wa kowa: ƙaya a baya, cikinta fari, in an taɓa ta sai ta dunƙule. Ƙwari da tana da dodon koɗi ne abincinta. Ku ƙyale ta.

Jaɓa ce aka fi zalunta. Bakinta dogo ne tsiriri, idanunta ƙanana, tana bin jikin bango tana tsuwwa, ga wari mai hawa kai. Mutane na ɗaukar ta ɓera, alhali ko dangi ba su haɗa ba. Ba ta da haƙoran gurgurar hatsi. Kyankyaso da gyare da suka taru a wajen dusa ne suka kawo ta. Warin dai sai haƙuri.

Gafiya kuwa girmanta ya isa shaida, don takan wuce kilo 1. Rabin wutsiyarta na ƙarshe fari ne. Tana da jaka a kumatu, inda take cusa masara da gyaɗa ta kai rami, shi ya sa ake cewa gafiya tsira da na bakinki. In tsaba ta ƙare ƙaf a dare ɗaya ba ko ɓawo, ita za a fara tuhuma.

Yanzu mu tsaya a kan ɓera, don nan maganar take. Ɓeran gida baƙi-baƙi ne, kunnuwansa manya, wutsiyarsa ta fi jikinsa tsawo. Gwanin hawa ne, yakan shiga akurkin tattabaru ya sha ƙwai ko ya kashe 'yan shila. Akwai kuma wani wanda bai kai shi girma ba, gashinsa laushi, bayansa toka-toka da ɗan ƙasa-ƙasa, cikinsa ya fi haske. Macen tana da nonuwa jere biyu, suna iya kaiwa 24, yayin da na macen ɓeran gida 10 ne ko 12. Wannan mai yawan nonuwa shi ne mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa a fitsari da kashi, shi kansa kuma ba ya ciwo.

Jos ta daɗe da sanin wannan cuta. A 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya daga garin Lassa na ƙasar Borno zuwa asibitin mishan na Jos, inda ta rasu, kuma daga nan aka gano cutar. A 1970 ta ɓarke a cikin Jos, har ta kashe likitar da ke kula da majinyatan. Ta fi yawa da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da daji ya bushe ɓeraye suka komo gidaje neman abinci.

Kada ku juya mushen ɓera da hannu don ƙirga nonuwa. Ba dole sai kun tantance irinsa ba. Kowane iri ne, ku kwashe shi da shebur ku binne, ku wanke hannu da sabulu. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, a garzaya asibiti.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku zuba tsaba da safe, daidai wadda tsuntsaye za su cinye kafin la'asar. Ragowar a share kafin magariba, a kife kaskon ruwa. Buhun hatsi a sa shi cikin duro mai murfi, nesa da madafa.

Aikin gida

Yau da magariba ku barbaɗa toka a inda kuke zuba tsaba. Gobe da sassafe, kafin a saki kaji, ku duba sawu. In akwai siririn layi tsakanin sawun, jan wutsiya ne, kuma ba na bushiya ba ne, don tata guntuwa ce. Ku duba ko akwai baƙin kashi mai kama da ƙwayar shinkafa. Ku rubuta jimla uku a littafinku: me kuka gani, a ina, kuma wace dabba kuke zato. Ku zo da shi aji, kowa zai karanta nasa.