Yadda za ka duba marar lafiya ɗan ƙasar Laos ba tare da ka taka al'adarsa ba

Idan aikin jinya ya kai ka Vientiane, babban birnin Laos, ko wani asibiti a Amurka ko Faransa inda 'yan Laos da dama suka yi gudun hijira bayan 1975, ba za ka daɗe ba za a kawo maka marar lafiya da farin zaren auduga ɗaure a wuyan hannu. Daga kan zaren nan za ka fara.

Kada ka sa masa almakashi. A imaninsu, jikin mutum yana da kurwa 32 da suke kira khwan, kowacce da gaɓar da take tsarewa. Firgita, haɗari ko ciwo kan sa wata ta fice, sai dangi su taru a yi bikin da suke kira baci, dattijo ya kira ta ta dawo, kowa ya ɗaura wa marar lafiyar zare yana yi masa fatan alheri. Zaren yakan yi aƙalla kwana 3 a hannu, kuma kwance shi ake yi, ba a yankewa. In za ka sa ƙarin ruwa, tura zaren sama ko ka koma ɗaya hannun. In tiyata ta tilasta, bari ɗan'uwansa ya kwance da kansa.

Sai ka tambaye shi me yake jin ya jawo ciwon, wa ya gani kafin ya zo, wace saiwa ko ganye ya sha. Wataƙila ya ambaci phi, wato iskoki. Ka saurara ba tare da ka yamutsa fuska ba, don wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba zai sake faɗa maka abin da yake sha a gida ba.

Kafin ka taɓa kansa, nemi izini, domin shi ne mafi daraja a jiki a wurinsu. In ka ga jan zane-zane a bayansa, tambaya kafin ka zargi duka: sau da yawa goga kwabo da man zafi ne, ko ƙaho.

Inda na fi so ka natsu shi ne jego. Mai jego a Laos takan kwanta a gado da garwashi a ƙarƙashi, ta yi ta shan ruwan zafi na itatuwa tana wanka da shi. Duk wanda ya tashi a gidan da ake wankan jego ya san uwa da kaka ne ke da ta cewa a nan, saboda haka da su za ka zauna. Bar musu ɗumin, amma ka nemi a buɗe taga saboda hayaƙin gawayi, a kuma nisanta jariri da wutar. Abinci ne babban abin tsoro: wasu matan sai su yi makonni kusan ba sa cin komai sai shinkafa da gishiri, kuma ƙarancin bitamin B1 a nonon uwa yana iya taɓa zuciyar jariri har ya rasu. Tambayi kakar wane nama, kifi ko ganye al'ada ta yarje wa mai jego, ka ɗora shawararka a kai.

Kafin sallama, kada gyaɗa kai ya ruɗe ka, don kunyar musa wa likita ce takan sa su amsa. Miƙa masa maganin, ka ce ya nuna maka ƙwaya nawa zai sha da safe, nawa da dare.