Yadda Ake Ceto Tsohon Kan Jirgin Ƙasa Mai Tururi Daga Tsatsa

Duk wanda na gani ya tashi gyaran tsohon kan jirgi mai kwal, da bokitin fenti yake farawa. Mu ma haka muka yi, kuma asarar da muka tafka ce ta sa na zauna rubuta wannan. Namu na jan kaya ne, irin waɗanda aka ƙera a Birtaniya bayan yaƙin duniya na biyu aka raɗa musu sunayen koguna. Tsarin ƙafafunsa 2-8-2 ne, wato ƙanana biyu a gaba, takwas masu ja a tsakiya, biyu a baya. Idan ka ga masu jan nan gajeru ne kuma da yawa, to na kaya ne, ƙarfi aka nema a wurinsa ba gudu ba. Irinsa ne suka riƙa cin kwal ɗin Inugu suna kwasar gyaɗa daga Kano, inda layin dogo ya iso tun 1911, zuwa bakin teku a Legas.

Maganar izini ba zan daɗe a kanta ba. Jirgin yana da mai shi ko da ciyawa ta rufe shi, saboda haka ka karɓi izini a rubuce kafin ka ɗora masa sifana. Ka kuma nemi mai gadi tun ranar farko, don da zarar an share wurin, 'yan jari bola za su san akwai tagulla a ciki.

Daga nan sai rubuta tarihinsa. Ka ɗauki hoton ko'ina kafin ka kwance ko noti ɗaya. Allon maƙera, mai ɗauke da sunan kamfani da shekara da lamba, galibi za ka tarar an riga an cire shi. Kada ka damu. Ka goge sandunan da suka haɗa ƙafafu da burushin waya, sau da yawa akwai lamba a buge jikinsu. Idan lambobin suka saɓa wa juna, ba kuskure ba ne, a loko, wato wurin gyaran jirage, akan ciro kayan wani jirgin a sa wa wani. Sannan ka nemi tsofaffin direbobi da masu zuba kwal tun suna raye, ka kai musu goro, ka kunna rikoda. Wani baba da ya yi aikin wuta ne ya nuna mana murfin da muka yi wata guda muna wucewa ba mu san ana buɗe shi ba.

Yanzu ga inda muka faɗi. Ruwan da ke kashe kan jirgi ba wanda kake gani yana zuba a bayansa ba ne, wanda ya shige ya kwanta ne. Bututun hayaƙi a buɗe yake yana kallon sama, duk ruwan damina ta nan yake bi ya sauka cikin akwatin hayaƙi, wato ɗakin nan na gaba mai ƙofa kamar faifai. A ƙasansa akwai tokar kwal ta tafiyar ƙarshe da ba wanda ya kwashe. Kwal yana da farar wuta a cikinsa, idan tokarsa ta jiƙe sai ta zama asid, ta yi ta cin ƙarfe a hankali. Mu kuwa mun shafe jirgi da baƙin fenti, ya yi sheƙi, mutane suna zuwa ɗaukar hoto. Bayan damina biyu na ga fentin ƙasan akwatin ya kumbura kamar ƙuna. Da ƙyar muka buɗe ƙofar da kalanzir da guduma. Abin da ke ciki kamar kunun kanwa, baƙi, yana wari. Na danna sukudireba a gindin akwatin, ta faɗa har mariƙi.

Saboda haka, kafin komai, ka rufe bakin bututun nan. Faifan ƙarfe ya fi, amma ko murfin duro ka ɗaure da waya ya wadatar zuwa wani lokaci. Ka ɗan ɗaga shi kaɗan don iska ta riƙa wucewa. Sai ka buɗe akwatin hayaƙi ka kwashe toka da shebur har ka ga ƙarfe, ka wanke, ka bar ƙofa a buɗe kwana da kwanaki ya bushe. Haka za ka yi wa murhu da kaskon toka da ke ƙarƙashinsa. Kada ka manta da taragon kwal da ruwa da ke manne a baya, ragowar kwal da ke cikinsa ɓarna iri ɗaya yake yi, kuma tankinsa yakan riƙe ruwa shekara da shekaru. Tukunyar kanta, wadda ake dafa ruwa a ciki ya zama tururi, tana da matosai na wanki, ka kwance na ƙasa ruwa ya tsiyaye, ka sa raga a ramukan saboda ɓera da ƙudan zuma. Ni a ganina da rani ake wannan aiki, lokacin hunturu ya fi, wanda ya fara a watan Yuni wahalar banza yake.

Wuri na biyu da ruwa ke ɓuya shi ne ƙarƙashin rigar tukunya. Abin da kake gani a waje falle ne na ƙarfe marar kauri, tsakaninsa da tukunya akwai abin tare zafi, wanda ke shan ruwa kamar soso ya manna shi jikin tukunyar. A jiragen wancan zamani yawanci asbesto ne. Idan ka ɗaga falle ka ga wani abu fari-fari mai kama da auduga, ka mayar ka rufe, ka kori yara daga wurin. Ƙurarsa tana jawo cutar huhu da kansa bayan shekaru masu yawa, kuma ƙyallen rufe hanci ba ya tare ta. Wannan aikin ƙwararru ne, da tsada, amma ban yarda a yi dabara a nan ba.

Sauran da sauƙi. Ka cika duk wani kofin mai, ka shafe sandunan fistin da giris mai kauri. Baƙin mai na mota yana da arha, sai dai ƙura yake tarawa, ban son sa. Idan layin da yake kai yana da kyau kuma mai ya ratsa, a ɗan ja shi gaba kaɗan lokaci-lokaci don kada ƙafafu su daskare wuri guda. Sai yanzu fenti: kankare tsatsa, jan fenti na ƙasa sau biyu, sannan baƙi. In kuɗi bai isa fenti da rumfa duka ba, a yi rumfar kwano.

Za a sami mai cewa a hura masa wuta a ga ko zai tashi. Kada ka yarda. Tukunyar da ta yi shekaru a ajiye sai an auna kaurin ƙarfenta, an gwada ta da matsin ruwan sanyi, injiniya ya sa hannu. A Amurka, kan jirgin da ake kira Big Boy mai lamba 4014, wanda aka ƙera a 1941 don jan kaya, kamfanin Union Pacific da duk ƙarfinsa ya kai shi garin Cheyenne don gyara a 2014, bai tashi da kansa ba sai 2019. Namu kuma ko ya tashi, faɗin layin da yake bi ƙafa 3 da inci 6 ne, ba zai hau sabon layi mai faɗi irin na Abuja zuwa Kaduna ba. Idan usur ɗinsa jama'a ke son ji, ka aro kwamfiresa wurin mai faci ka jona masa iska, zai yi kuka har a jiyo shi a kasuwa.