Sabon zuwa ƙauyen Ireland, ka san gidanka kafin dusar ƙanƙara ta toshe hanya

Duk wanda yake Wicklow ko Wexford a farkon Maris na 2018 ya san abin da guguwar Emma ta yi. Met Éireann, hukumar hasashen yanayi ta Ireland, ta saka jan gargaɗi a faɗin ƙasar, aka ce kowa ya shige gida kafin ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis. Burodi ya ƙare a kantuna, dusar ƙanƙara ta shafe ƙananan hanyoyi, sai manoma ne suka riƙa buɗe su da tarakta. Motar watsa gishiri manyan tituna take bi, ba ta zuwa lungun da kake.

Abinci ba matsala ba ne, mutanenmu ba a raba su da buhun shinkafa. Gidan haya shi ke kayar da sababbin zuwa.

Yawancin gidajen ƙauye da kananzir ake ɗumama su, daga tankin da ke bayan gida. Ka zura sanda ka auna shi tun Nuwamba. In ya ƙare ƙarƙaf, iska kan shiga bututun, ko an kawo kananzir, injin ɗumama gidan ba zai tashi ba sai an fitar da ita. In wuta ta ɗauke, injin ma ya tsaya, haka famfon rijiya. Ka cika jarkoki da ruwa.

Tankin ruwa yana cikin silin, can bututu ke daskarewa. Ka ɗan buɗe ƙofar silin ɗin zafi ya hau. Makunnin rufe ruwan gida galibi yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ka gwada shi yau. In bututu ya fashe, ka rufe makunnin, ka buɗe famfuna tankin ya tsiyaye, ka kashe lantarki in ruwa ya kusanci waya, ka ɗauki hoto. Sannan ka sanar da mai gida a rubuce. Abin takaici, har yanzu wasu kiran waya kawai suke yi, ranar tashi a cinye musu kuɗin ajiya, ba su da hujjar da za su kai RTB, hukumar da ke sasanta rikicin haya. Gyaran injin da bututu haƙƙin mai gida ne, amma in ka yi tafiya ka bar gida ba ɗumi, zai ce sakacinka ne.

Don Allah, kada ka hura gawayi a ɗaki. Waɗannan gidaje a toshe suke ruf, iskar gubar gawayin ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Lambar ESB Networks, kamfanin da ke kula da layukan lantarki, in wuta ta ɗauke ita ce 1800 372 999, ta gaggawa 112. Ka rubuta Eircode ɗinka, wato lambar adireshin gidanka, a jikin firji, da shi motar asibiti za ta gano gidan.