Kurakuran da masu ƙera na'urorin Bluetooth suka fi yi wajen tantancewa da lasisin tambari

Ɗan kasuwa ya aika wa wata masana'anta a birnin Shenzhen na ƙasar Sin odar iyafis dubu biyar, ya ce a buga sunan kamfaninsa a jikin kwali, a gefe kuma a sa wannan shuɗin tambari da kowa ya sani. Masana'antar ta turo masa takarda mai ɗauke da wata lamba, ta ce kayan sun riga sun ci gwajin Bluetooth, shi kuwa hankalinsa ya kwanta. Wannan kwanciyar hankalin ita ce kuskuren da ya fi kowanne yawa a harkar, kuma injiniyoyin da ke ƙera na'ura da hannunsu ma suna faɗawa cikinsa kamar yadda 'yan kasuwa ke faɗawa.

Sunan Bluetooth da tambarinsa mallakar wata ƙungiya ce, Bluetooth SIG, wadda Ericsson da IBM da Intel da Nokia da Toshiba suka kafa a 1998, hedikwatarta kuma tana Kirkland a jihar Washington ta Amurka. Ƙa'idarta ita ce duk kamfanin da sunansa ke jikin kaya, shi ne zai zama mamba, shi ne kuma zai kammala tantance kayan a ƙarƙashin rajistarsa kafin ya fara sayarwa. Lambar da masana'anta ta bayar tana da amfani ƙwarai, domin idan ba a sauya komai a ƙirar ba, mai kaya zai dogara da ita ba tare da ya sake yin gwaji ba. Amma ba ta ɗauke masa shigar da kayansa cikin rajistar ƙungiyar da biyan kuɗin da aka yanka. Wanda ya saro kayan wani kamfani yana sayarwa da sunan mai su, wannan nauyi ba ya kansa. Da zarar ya cire sunan ya sa nasa, nauyin ya dawo wuyansa. Gyaran a nan ba shi da wuya: a nemi lambar ƙirar tun kafin a biya kuɗin oda, a duba ta a kundin kayan da ƙungiyar ta tantance, wanda yake buɗe ga kowa a intanet, a tabbatar ta dace da abin da za a turo, sannan a yi rajistar kayan da sunan kamfani.

Daga nan sai batun kuɗi, inda mutane da yawa ke ruɗuwa da jin cewa shiga ƙungiyar a matakin farko kyauta ne. Zama mamba daban, kuɗin tantance kaya daban. An daɗe ƙananan mambobi suna biyan dala 8,000, masu biyan kuɗin shekara kuma dala 4,000, kafin a ƙara kuɗin fiye da sau ɗaya, don haka wajibi ne a duba farashin da ake kai a lokacin lissafin jari. Kamfani mai rajista ne kawai ke zama mamba, ba mutum a karan kansa ba. A ganina, wanda jarinsa bai kai ya ɗauki wannan kuɗi ba, gara ya ci gaba da sayar da kayan wasu da sunayensu har ya yi ƙarfi, da ya buga tambari ba lasisi ya zauna cikin zullumin ranar da kwastan za su riƙe masa kwantena. Akwai kuma masu tunanin cewa idan suka cire tambarin daga kwali sun kuɓuta, alhali izinin amfani da haƙƙin ƙirƙirar da ke cikin fasahar kanta ma a ɗaure yake da wannan tantancewa.

Wani ruɗanin mai tsada shi ne haɗa amincewar ƙungiyar da izinin gwamnati, a ɗauka ɗaya ya wadatar. Ƙungiyar tana duba ko na'ura tana magana da sauran na'urori bisa ƙa'idar fasahar, gwamnati kuwa damuwarta ita ce ƙarfin da na'urar ke watsawa a zangon gigahaz 2.4, da ko za ta dame wasu. A Amurka hukumar FCC ce ke da wannan hurumi a ƙarƙashin Sashe na 15 na dokokinta. A Tarayyar Turai dokar kayan rediyo mai lamba 2014/53/EU ce ke aiki, da alamar CE, kuma iyakar ƙarfin watsawa a wannan zango miliwat 100 ce. Mai shigo da kaya yana buƙatar amincewar hukumar sadarwa ta ƙasar: a Najeriya NCC, a Nijar ARCEP, a Gana NCA. Takardar ƙasa ɗaya ba ta zama izini a wata ƙasar kai tsaye, ko da yake rahoton ɗakin gwaji yakan sauƙaƙa neman na gaba.

A wajen injiniyoyi, matsalar ta fi fitowa daga ɗan allon rediyon da ake saya a haɗe, a liƙa a cikin na'ura. Irin wannan allo yakan zo da lambar FCC tasa, kuma doka ta yarda a ci gajiyarta, sai dai da sharuɗɗa. Ka ɗauki wanda ya ga siginar ba ta tsallake bango biyu, sai ya cire ƙaramar eriyar da aka yi gwaji da ita ya ɗaura wata doguwa mai ƙarfi. Na'urar ta gyaru a idonsa, amma izinin ya tashi daga kanta, domin eriyar da za a musanya dole ta kasance iri ɗaya da ta asali, ƙarfinta kuma kada ya wuce nata. Haka nan ana mantawa da rubuta a jikin na'urar cewa tana ɗauke da allo mai lamba kaza idan ba a ganin lambar daga waje, ana kuma mantawa cewa sauran kayan lantarkin da ke kewaye da allon suna da nasu gwajin na hayaniyar da suke fitarwa ba da niyya ba. Takardar umarnin da mai allon ya bayar ta fayyace duk wannan, kuma karanta ta kafin a zana ƙira ya fi arha nesa ba kusa ba a kan sake zane bayan an buga dubbai.

Yadda ake rubuta sunan ma yana da ƙa'ida. Ana fara shi da babban baƙi, a sa alamar ® a inda ya fara fitowa, a bi shi da sunan abin da ake nufi, a kuma rubuta a ƙasan kwali ko takarda cewa alamar mallakar Bluetooth SIG ce. Ba a sa shi cikin sunan kamfani ko adireshin intanet, ba a fassara shi sai a 'yan harsunan da ƙungiyar ta amince, ba a taƙaita shi zuwa BT ko BLE. Tambarin kansa haɗin baƙaƙe biyu ne na tsohon rubutun mutanen arewacin Turai, baƙaƙen farko na sunan Sarki Harald na Denmak da laƙabinsa Bluetooth, wanda ya yi mulki a ƙarni na 10, kuma ba a yarda mai zane ya miƙe shi ko ya sake masa siffa don ya dace da adon kwali ba. Fayil ɗin asali ake saukewa daga shafin ƙungiyar. Idan na'urar tana da Wi-Fi, tambarin Wi-Fi CERTIFIED na wata ƙungiya ce dabam, Wi-Fi Alliance, mai nata rajista da gwaji da kuɗi, kuma takardun Bluetooth ba su ba kowa izinin buga shi.