Kurakuran da ke ɓata Merlot ɗin Faransa mai araha

Merlot shi ne inabin giya da aka fi nomawa a Faransa, asalinsa yankin Bordeaux, kuma jar giyarsa na cikin waɗanda aka fi samu da sauƙin kuɗi a otal-otal da manyan kantuna. Wannan bayani na waɗanda addininsu bai hana su sha ba ne, da ma'aikatan gidajen abinci masu hidimar baƙi. Sau da yawa mutum zai kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce ai dama araha ba ta ado. A ganina yawanci giyar lafiyarta ƙalau, riƙon da aka yi mata ne ya ɓata ta.

Zafi ne kan gaba. An saba cewa jar giya ba ta shiga firiji, da ɗumin ɗaki ake shan ta. To, ɗakin da ake nufi na Turai ne, mai sanyin digiri 16 zuwa 18. Inda zafi ke haura digiri 30, kwalbar da ta wuni a kan tebur warin barasa kawai za ta riƙa busowa, ƙamshin nunannun 'ya'yan itacen da aka san Merlot da shi ya ɓace, ta yi nauyi a baki. Gyaran ba wuya: a sa ta a firiji kamar minti 45, ko a tsoma ta cikin bokitin ruwa da ƙanƙara na minti 10. Kada kuma a zarce. In ta yi sanyi ƙarara ƙamshin zai ɓuya, baurinta ya fito fili, irin baurin nan da goro ke bari a harshe. Jefa ƙanƙara cikin gilashi kuwa tsarma ta yake yi da ruwa.

Wani lokaci tun a kanti zafin ya gama da ita. Kwalbar da aka jera inda rana ke dukanta, ka wuce ta. Duba wuyanta: in toshiyar ta ɗago, ko akwai danƙon giya da ya tsiyayo ya bushe, ta riga ta dahu a ciki, firiji ba zai dawo da ita ba.

Akwai masu ɓoye ta shekara da shekaru wai tana ƙara daraja. Wannan na manyan giyoyi ne irin na Pomerol da Saint-Émilion, wasu wurare biyu a yankin Bordeaux. Mai araha an yi ta ne don a sha cikin shekara biyu ko uku daga shekarar da ke jikin takardarta. Kuma a karanta takardar da kyau. In an rubuta Pays d'Oc, daga kudancin Faransa ta fito, kuma galibi za ka ga sunan Merlot ɓaro-ɓaro. In Bordeaux aka rubuta, yawanci gauraye ce da wani nau'in inabi, Cabernet Sauvignon ko Cabernet Franc, baurinta na iya fin wanda ka zata.

Wajen zubawa, sulusin gilashi ya isa, don a samu wurin juya ta a shinshina kafin a kurɓa. In ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, toshiyar ce ta lalata ta, a mayar a karɓo wata.

Sai abinci, inda aka fi yi mata rashin adalci. Merlot yakan kai kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari na barasa, barkono kuma yana ƙara wa barasa zafi a maƙogwaro. Shi ya sa wanda ya haɗa ta da farfesu mai attarugu zai ce ɗaci kawai ya ji. Tsire da balangu sun dace da ita sosai, domin kitse da gishiri suna lausasa bauri, amma a ce wa mai nama ya sassauta yaji. Gasasshiyar kaza, naman rago, taliya da miyar tumatir da niƙaƙƙen nama, cuku mai tauri, duk suna tafiya da ita. Mutanen kudu maso yammacin Faransa da agwagwa suke yawan haɗa jar giyarsu. Kifi mai maiƙo irin sardin kan bar ɗanɗanon ƙarfe a baki in ya gamu da jar giya, kek da sauran kayan zaƙi kuma sukan mai da ita tsami zalla.

Abin da ya rage a kwalba, a toshe a sa a firiji, zai kai kwana uku da ɗanɗanonsa. In ya wuce haka a kai shi kicin. A Bordeaux ana dafa jar giya da ƙananan albasa da romon nama har ta yi kauri, a sa ɓargo, a zuba a kan gasasshen naman sa.