Yadda nake warware lissafin ƙirge da na yiwuwa ba tare da na ruɗe ba

Tambayar da ta fara kunyata ni a wannan fanni ba ta da tsawo. Maza 5 ne da mata 4, za a fitar da kwamitin mutum 3, amma dole a samu mace aƙalla ɗaya. Hanya nawa ke akwai? Na ce ai da sauƙi: in ɗauki mace guda daga cikin 4, sannan in cike gurbi biyu daga mutum 8 da suka rage, wanda ke da hanya 28. Na ninka, na samu 112, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Malaminmu ya duba ya ce, "To ɗana, in babu wani sharaɗi, kwamiti nawa za a iya fitarwa daga mutum tara?" Na buga, 84. Wato amsata ta fi duk kwamitocin da ke akwai yawa. Kwamitin da ke da mata biyu na ƙirga shi sau biyu, mai mata uku kuwa sau uku.

Tun daga ranar nake ajiye kalkuleta tukuna, in yi wa tambaya tambayoyi biyu. Ta farko: in na sauya jeri, abin ya zama daban? Mutum 9 ɗin nan, in shugaba da sakatare da ma'aji za a naɗa, wanda ya hau wace kujera yana da muhimmanci, don haka 9 × 8 × 7, wato 504. In kuwa kwamiti ne kawai babu muƙami, kowane mutum uku an jera su hanya 6, sai ka raba 504 da 6, ka dawo 84. Bambancin da ke tsakanin famiteshan (inda jeri ke da muhimmanci) da kwambineshan (inda jeri ba shi da muhimmanci) ke nan, ba wani abu ba. Ta biyu: abin da na ɗauka yana komawa, ko ya tafi ke nan? Faranti ne da farin goro 3 da ja 2, ka ɗauki biyu ido rufe. Yiwuwar na farko ya zama fari 3/5 ce. In na farko ya fito fari, yiwuwar na biyu ma ya zama fari 2/4 ce, domin goro huɗu suka rage, biyu daga ciki farare. Ka ninka, 3/10, wato yiwuwar duka biyun su zama farare. Ɗalibai da yawa sukan sake rubuta 3/5, kamar goron da aka kai baki zai dawo faranti.

Bayan haka sai in rage tambayar ta yi ƙanƙanta yadda zan iya rubuta duk amsoshin da hannu. Haruffan KANO suna jeruwa hanya 24, domin 4 × 3 × 2 × 1. BABA fa? Zauna ka jera: BABA, BAAB, BBAA, ABAB, AABB, ABBA. Shida kacal, har da sunan ƙanena a ciki. In ka musanya B da B babu abin da ya sauya, haka A da A, shi ya sa ake raba 24 da 2 × 2. Wanda ya jera da hannunsa sau ɗaya ba zai sake haddace wannan doka ba, ya riga ya gan ta. Kuma aikin ba sabo ba ne. Khalil bin Ahmad, malamin nahawun Basra na ƙarni na 8, da irin wannan jujjuya haruffa ya tsara ƙamusunsa Kitabul Aini, inda kowane tushe mai harafi uku yake ba da jeri shida.

Kalmar da nake so ka riƙa tsoro ita ce "aƙalla". Duk inda ka gan ta, bi ta bayan gida: ƙirga abin da ba a so, ka cire daga jimla. Kwamitin da babu mace ko ɗaya, wato maza 3 daga 5, hanya 10 ne. 84 a cire 10, saura 74. Ita ce amsar da ta gagare ni, a layi guda.

Haka dabarar take aiki a wata tsohuwar matsala ta Faransa. Wani ɗan caca da ake kira Chevalier de Méré yana cikin waɗanda tambayoyinsu suka sa masana lissafi Pascal da Fermat musayar wasiƙu a 1654, inda aka aza tubalin ilimin yiwuwa. A jefa ɗan ludo sau 4, mene ne yiwuwar shida ta fito aƙalla sau ɗaya? Kada ka tara 1/6 sau huɗu, domin da wannan hankali jifa 6 zai ba da tabbas, kuma duk wanda ya taɓa zama gidansa a ludo yana jiran siki ya san ƙarya ne. Rashin fitowarta a jifa guda 5/6 ne, a jifa huɗu 625/1296. Cire daga 1, ka samu 671/1296, kusan 0.518.

In 'yan ludo biyu ne, zana tebur mai gida 36, kada ka yi ƙyuya. Ka ɗauka ɗaya ja ne ɗaya shuɗi, don 2 da 5 daban yake da 5 da 2. Za ka ga jimlar 7 tana da gida 6, ita kuwa 12 gida ɗaya tak. A zauren jarrabawar WAEC ko NECO teburin nan ba ya cin minti biyu.

Kafin in miƙa takarda, ina duba ko yiwuwar da na samu ta wuce 1 ko ta gaza 0, da kuma ko ƙirgen mai sharaɗi ya fi marar sharaɗi yawa. Amma ban yarda da "ai amsar ba ta yi kama da gaskiya ba" a matsayin hujja. A aji mai mutum 23, yiwuwar biyu su haɗa ranar haihuwa ta ɗan haura rabi, kusan 0.507. Na ƙi yarda sai da na ƙirga mutum bibbiyu da za a iya haɗawa daga 23, na ga 253.