Yadda za a kare kusoshin taya daga karyewa a tsofaffin Sienna da Odyssey

Tsofaffin motocin iyali irin su Toyota Sienna da Honda Odyssey an ƙera su ne don ɗaukar mutum bakwai ko takwas, amma da yawansu, bayan sun gama shan gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara a Amurka da Kanada, sun iso wurinmu sun shiga tasha suna jigilar fasinja da lodi. Kusoshi biyar ne kacal ke riƙe kowace taya a jikin irin wannan mota, kuma abin da ya fi karya su shi ne ɗaurin da aka yi da ka, ba tare da awo ba.

Sai an fahimci aikin kusa kafin a gane dalilin. Idan aka ɗaure noti, kusar takan ɗan miƙe kaɗan ta matse wili da fuskar hob, wato ƙarfen da kusoshin suke jikinsa wanda wili yake zama a kai, kuma wannan matsin ne yake ɗaukar nauyin mota. Idan ɗaurin ya yi sako-sako, wilin zai riƙa motsi yana lanƙwasa kusar a kowane juyi, kamar yadda ake lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke. Idan kuma ɗaurin ya wuce kima, ƙarfen zai miƙe ya kasa komawa yadda yake, daga nan ba zai ƙara matsewa da kyau ba komai ƙarfin da aka sa.

Wannan na biyun shi ne ya fi damuna, domin mutane suna ɗaukarsa a matsayin aiki mai kyau. Kowa ya sha ganin mai faci ya zura dogon bututu a wil-sifana, ya hau kansa da ƙafa yana dannawa har notin ya yi ƙara, direba kuma yana gefe yana jin daɗi an ɗaure masa tamau. Notin Sienna ta shekarun 1998 zuwa 2010 ana ɗaure shi ne a kan 103 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), na Odyssey ta 2005 zuwa 2010 kuma a kan 127 Nm, saboda kusarta ta fi kauri: milimita 14 ce, ta Sienna kuwa 12. Mutum mai nauyin kilo 70 idan ya tsaya a ƙarshen bututu mai tsawon mita 1, ya ɗora wa notin kusan 690 Nm, wato kusan ninki bakwai na abin da kusar Sienna take buƙata. Injin ɗaure noti mai aiki da iska ma yana yin irin wannan ɓarna idan aka sake masa.

Saboda haka duk lokacin da aka cire taya, a fara da goge fuskar hob da bayan wili da burushin ƙarfe har sai tsatsa da laka sun fita, domin dattin da ya maƙale a tsakani yakan murƙushe a hanya ya bar notin a sake. Kada a shafa giris ko baƙin mai a zaren kusa, wato layin da noti yake bi idan ana murɗa shi, saboda adadin da kamfani ya bayar na busasshen zare ne, santsin mai kuma yana sa a ja kusar fiye da kima ko da awon ya nuna daidai. A sa kowane noti da yatsu tukuna, ya yi juyi da yawa ba tare da turjiya ba. Wanda ya cije tun farko, ko dai ya hau a karkace ko zaren ya lalace. Daga nan a ɗaure su a tsallake, kamar ana zana tauraro, a sauke mota daga jak, a ƙarasa da sifana mai ma'aunin ɗauri, sannan a sake aunawa bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Duk mai motar haya ya kamata ya mallaki wannan sifana tasa ta kansa, domin kuɗinta bai kai na wili da hob da za a rasa ba, balle rayukan da ke cikin motar.

A kula da siffar notin ma. Na Honda gindinsa a kewaye yake kamar ƙwallo, na wilin alminiyam na Toyota yana da shimfiɗaɗɗiyar washa, wasu kuma gindinsu a tsuke yake. Noti zai iya hawa zaren amma bai zauna a ramin wilin ba, sai ya taɓa shi a siririn gefe kawai, ya saki bayan 'yan kwanaki.

Kafin taya ta fita, mota takan yi gargaɗi. Sitiyari yakan yi rawa, a ji ƙwanƙwasa mai bin juyin taya wadda takan sauya idan an taka birki, ko a ga jan layin tsatsa yana fitowa daga gindin noti. Idan aka cire wilin aka tarar ramukansa sun buɗe sun yi tsawo kamar ƙwai, wilin ya tashi aiki. Karyayyiyar kusa ma a duba bakinta: idan rabi ya yi baƙi da tsatsa, rabi yana ƙyalli, tsagewar ta daɗe tana ci a hankali, kuma da wuya a ce ita kaɗai ce ta sha wannan wahala.

Shi ya sa nake ganin idan ɗaya ta karye, gara a canza duka biyar na wannan tayar tare da notocinsu. Bakanike zai cire birki da faifansa, ya fitar da tsohuwar kusa ta baya, zai fi kyau da abin matsawa, domin dukan guduma mai yawa yana lalata boris. Sai ya zura sabuwa ta bayan hob, ya jera washa, ya jawo ta da noti har kanta ya kwanta a jikin ƙarfen ba tare da giɓi ba. Kada a yarda a yi wa kusa walda, domin zafin yana lalata ƙarfinta. Sababbin kusoshi sukan ƙara zama a mazauninsu a tafiyar farko, don haka a auna ɗaurinsu bayan kilomita 50, a kuma sake aunawa washegari kafin a yi lodi.